Jirgin Ɗan Kawuna da Rumbun Wani Tsoho

Ina da shekara ashirin da uku lokacin, ina koyon tuƙin jirgin sama a Yamai. Ban taɓa tashi ni kaɗai ba, kullum malamina na gefena, amma in na zo hutu Filinge ba na ganin kowa da gashi. Mutum guda ne ba ma shiri da shi ko kaɗan, ɗan kawuna mai walda a bakin tasha. Tun muna lakwal, wato firamare, yake jin haushina, don ni mace aka bar ni na ci gaba da karatu, shi aka cire shi aka kai garaji.

Shekara biyu ya yi yana harhaɗa jirgi a bayan shagonsa, da bututun ƙarfe da tamfal da injin wata tsohuwar mota. Da ya gama, sai ya tare ni a gaban ƴan tasha, ya ce ga jirgi ya samu, saura a ga ko karatun mata yana tashi sama ko a baki yake ƙarewa. Aka kwashe da dariya. Na ce gobe da safe ya tura shi fakon bayan gari. Innata ta riƙe mini zane tana roƙona da girman Allah, na fizge.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da safen, da na zagaya jirgin, na ga igiyar da ke juya wutsiya da wayar birkin babur ya ƙulla ta, har ta fara tsintsinkewa. Malamina ya sha gaya mana wanda ya ga irin wannan ya koma gida. Na gani, na yi shiru, don kada ɗan kawuna ya ce tsoro na ji.

Jirgin ya tashi kuwa. Na ƙetare itatuwan gawo, ina hango mutane suna ɗaga hannu, sai na ji sandar tuƙi ta saki a hannuna. Ya karkata ya nufi wani ƙauyen Kurfai, fiffike ya daki rumbu, esansi, wato fetur, ya malale, wuta ta kama. Mai rumbun, wani tsohon manomi, shi ya kutsa ya jawo ni, ƙafata a karye wuri biyu. Yana jana yana zagina. Hatsin shekararsa duka, wanda bai yi sati da zubawa ba, ya ƙone a gabansa, hannuwansa ma suka ƙone.

Ina kwance a asibiti jandarmomi suka zo. Ashe ɗan kawuna ya riga ni, ya ce musu shi abin kallo kawai ya ƙera, ni na ɗauka ba da izininsa ba. Duk waɗanda suka yi dariya a tasha, babu ko ɗaya da ya buɗe baki. Makaranta ta kore ni. Inna da kawu, uwa ɗaya uba ɗaya, har yau ko gaisuwar Sallah ba ta haɗa su.

Da na fara takawa da sanda, na yi amalanke guda na hatsi na kai wa tsohon. Bai fito ba. Matarsa ta ce ya ce don Allah ya fid da ni daga wuta, ba don ni ba, kuma in kwashe kayana daga ƙofarsa. Ta ƙara da cewa yatsunsa ba sa iya riƙe hauya yanzu.

Ban yafe wa ɗan kawuna ba, ba zan yi muku ƙarya ba. In na hango shi, hanya nake sakewa. Amma shi tsokana ya yi, ni ce na hau. Ku da ake zuga ku a bainar jama'a, ku haɗiye zafin ku wuce, masu dariyar ba za su tsaya muku shaida ba. Kuma wanda zai ɗauki wahalar sau da yawa ko wurin ba ya nan. Tsohon nan bai san ni ba, bai san gabarmu ba, yana gyaran dangarsa na faɗo masa daga sama.