Salka a Kan Demarer

Zamanin da kumandan Bafaranshe ke mulkin Dakoro, ni ke tuƙa kamyon wani ɗan kasuwa, ina kai gujiya Maradi. Babbar mota ce mai shan gazuwal, wato man dizal, ga ƙarfi, amma da mugun hali guda. Da sanyin safiya ko taɓa ta ka yi sai ta tashi. In ta yi tafiya ta ɗau zafi ka kashe ta, to ka nemi inuwa, don demarer, ƙaramin injin nan da ke tada babban, ba zai motsa ba sai la'asar. Saboda haka ba na kashe ta a hanya. Ko salla, tana ruri nake yi.

Wata bazara rijiya ta rufta da yayana, wanda sana'arsa haƙar rijiya ce. An jawo shi da rai, amma ƙafarsa ta dagargaje, jini ya ƙi tsayawa. Mai duba marasa lafiya na garinmu ya ɗaure ta, ya ce in ba a kai shi gidan likita na Maradi ba kafin rana ta faɗi, a haƙura da ƙafar. Muka shimfiɗa shi a kan buhuna, na kama hanya.

Kafin Kornaka muka iske garken raƙuma sun cika hanya a bakin wata rijiya. Da suka ji rurin mota sai suka firgice, suna neman tattake mata masu ɗibar ruwa. Wani tsoho mai baƙin rawani ya tako, ya ɗaga hannu.

"Ɗana, kashe abin nan su sha."

Wa zai musa wa dattijo a bakin rijiyarsa? Na kashe. Wallahi hannuna bai bar makulli ba na san na cuci yayana.

Raƙuma suka sha, suka kauce. Na murza makulli. Ƙas! Na sake. Ƙas! Shi ke nan. Turi kuwa a cikin rairayin nan, ko garin duka ya fito ba za ta gusa ba. Daga bayan motar na ji yayana yana cewa, "Ƙane, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Yaya."

Na kunna fitila, ta kama sarai, batir ba shi da laifi ke nan. Na taɓa wayoyi, duk a ɗaure. Sai na shige ƙarƙashi, abin da lalaci ya hana ni yi tuntuni. Ashe bututun hayaƙi dab da demarer ya bi, yana gasa shi kamar tsire. Garin lalube bututun ya kama mini dantse, fata ta saɓule. Ina kwance ina zagin wanda ya ƙera motar, idona ya faɗa kan salkar tsohon, rataye a gefen raƙuminsa tana naso. Mu da muke shan ruwan sanyi daga fatar akuya a tsakiyar bazara, ƙarfe ne zai gagare mu?

Na fito na durƙusa. "Baba, a taimake ni da salkar nan. Zan farke ta."

Ya dube ni, ya leƙa ya dubi yayana. Mutumin daji bai raba kansa da salka. Amma ya zare wuƙarsa ya farke ta da kansa. Na naɗe demarer da jiƙaƙƙiyar fatar, na kauce wa bakin wayoyi. Matan suka riƙa miƙo mini ruwa a ƙwarya, wata ta zauna tana fifita da faifai, tana ce mini, "Yau mota ta zama mai jego!"

Da na ji ƙarfen ya huce har ina iya riƙe shi, na hau, na yi bisimilla, na murza. Ta yi tari, ta ɗauka. Matan suka rangaɗa guɗa, raƙuman suka sake watsewa, wannan karon tsohon dariya ya yi. Ban sake tsayawa ba, ko a Sabon Maci. Da sauran rana muka shiga Maradi.

Daga baya na yanko gwangwani na kare tsakanin bututun da demarer, halin ya bar ta. Yayana ya koma haƙar rijiya da ƙafafunsa biyu, yana ɗan ɗingishi. Har ya rasu, in yana ba da labarin, cewa yake wani tsoho mai raƙuma ne ya cece shi. Ban taɓa gyara masa ba, don gaskiya ya faɗa. Amma duk sanda na naɗe hannun riga zan yi alwala, sai na ga tabon, kuma ba na saurin rufe shi.