Ranar da Na Ce Ga Uwarta Nan

Ɗiyata ta fari tana da shekara ashirin a lokacin, kuma ban taɓa kiran sunanta da bakina ba. Haka na tashi na tarar ana yi a Damagaram. Ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a yabonsa, ba a nuna shi cikin mutane a ce wannan nawa ne. Ita kuma abin sai ya haɗe mata biyu, don sunan uwar mijina aka sa mata. To ta ina zan fara? "Ke" nake ce mata, in zan yi zancenta da wani kuma in ce "waccan". Ƙannenta kuwa sunayensu sun sha wuya a bakina, daga hawa na tara nake ƙwala musu kira duk unguwarmu ta Minguettes, a gefen birnin Lyon, ta ji.

A lekol, wato makarantar boko, ta fara wasan rugbi. Ranar da ta fara shigowa gida da laka har cikin kunne na ce, wannan wane irin wasa ne, 'yan mata tiƙa-tiƙa suna kokawa a kan ƙwallon da ko mulmula shi ba a yi daidai ba? Ta yi dariya ta wuce wanka. Amma kada wani ya ce na hana ta, ban hana ta ba. Ni nake wanke kayan, ni nake dafa mata ƙwai da asuba in za su tafi wani gari. Sau da yawa in na taso daga aiki nakan sauka daga tiram, jirgin ƙasan cikin gari, tasha ɗaya kafin tamu, in laɓe bayan wayar filinsu in kalle ta tana gudu. In ta dawo gida ta ce, "Mama, mun ci," sai in ce, "To, madalla, ga tuwo can a kicin." Iyakar abin da take samu daga gare ni ke nan.

Shekarar da annoba ta ɗan lafa aka fara buɗe wurare da sharuɗɗa, sai aka shirya gasar mata ta ƙasashe a wani fili kusa da Paris, irin wadda ake yi da 'yan wasa bakwai a kowane ɓangare. Aka ɗauke ta cikin ƙungiyar matasa. Kwana da kwanaki suna kulle a otel, ba shiga ba fita, kullum ana zura musu tsinke a hanci. Daga can ta kira ni.

"Mama, ba a sayar da tikiti. Kowace 'yar wasa an ba ta izinin mutum biyu kawai. Ɗaya naki ne."

Na ce, "To, in na samu sarari."

Ji ƙarya! Tun ranar da aka kira sunanta na riga na yi musayar ranar aiki da wata abokiyar aikina, har gyalen da zan yafa na goge na ajiye. Babanta bai iya zuwa ba. An samu mai cutar a sito inda yake aiki a Vénissieux, aka ce ya killace kansa, a bakin ƙofar ɗaki muke ajiye masa abinci. Sai izini na biyu ya faɗa kan yayarsa da ke zaune a Paris. Yaya nake ce mata, yaran kuma Gwaggo. Ita ce babbar gidansu, ita ta zo ta zauna mini lokacin da na haifi yarinyar, kuma mace ce da ba a yi mata ƙaramar murya ba.

Na hau jirgin ƙasa na safe daga Lyon, Yaya ta tarye ni a tasha, muka wuce filin tare. Ban taɓa ganin wuri mai girma haka babu kowa ba. An ɗaure kujeru da jan zare, a bar ɗaya a hana uku. Mu iyaye da dangi muna nan jefi-jefi, kowa da takunkumi a fuska. Da yake ba hayaniyar jama'a, komai ana ji. Kana jin numfashin 'yan wasa, kana jin yadda jiki ke haɗuwa da jiki, kana jin wata tana kiran 'yar'uwarta da harshen da ban san ko na wace ƙasa ba ne. Wasan kuma ba ya daɗewa, minti bakwai a juya, minti bakwai a tashi. Kafin ka gyara zama an gama.

Lamba tara ce a bayan rigarta. A wasansu na farko aka jefo mata ƙwallon, ta rungume shi ta bi gefen layi. Wata doguwa ta kawo mata cafka ta zille, ta je ta dangwara shi a bayan layi. Yaya ta miƙe ta ja takunkuminta ƙasa ta rangaɗa guɗa, duk filin ya ɗauka. Yarinyar ta juyo tana haki ta dubi inda muke, ta ɗaga hannu. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina laluben abin da ban ajiye ba a cikin jaka. Wallahi a ƙarƙashin takunkumin haƙorana duka a waje suke, har kumatuna na ciwo. Amma wa ya gani? Wata Bafaransa da ke can gefenmu ta leƙo ta ce, "Taku ce?" Yaya ta buga ƙirji ta ce, "Tamu ce!" Ni ban ce uffan ba, kuma a raina na ga na yi daidai. Ina matar ƙanenta, ga ta zaune, zan tashi ina tsalle a kan 'yar fari? Ai sai ta kai labari gida a ce zaman Turai ya cire mini kunya.

A wasa na uku, bayan azahar, abin ya faru. Ta sunkuya za ta kama wata a ƙugu, gwiwar waccan ta same ta, wata kuma ta faɗo musu ta sama. Na ji ƙarar daga inda nake. Sauran suka tashi, ita ba ta tashi ba. Aka hura usur, masu magani suka ruga, filin ya yi tsit. Na ga an sa mata abin tallafe wuya, an ɗora ta a gadon ɗauka. Hanyar fita ta ƙarƙashin inda muke zaune take, sai muka sauko da gudu har bakin ƙarfen da ya raba mu da fili.

Wata mata cikin masu shirya gasar ta iso da takarda a hannu tana sauri. Ta ce da Faransanci, "Ina mahaifiyar mai lamba tara? Mutum ɗaya ne zai shiga ambilans, kuma shi kaɗai asibiti za ta bari ya shiga."

Gadon yana nan dab da mu, bai fi taku uku ba. Idonta a buɗe yake. Ba ta iya juya wuya, amma ƙwayar idon tana kaina.

Na nuna Yaya na ce, "Ga uwarta nan."

Da Faransanci na faɗa, tiryan-tiryan, yadda kowa zai ji. Yaya ta juyo ta ce, "Ke! Wuce ki tafi mana!"

Na ce, "A'a Yaya, ke ce babba."

Zan faɗi gaskiyar abin da ke raina a lokacin, ko da ba ta yi mini kyau ba. A wurinmu in an miƙo maka abu a gaban manya kakan ƙi sau ɗaya, ka ƙi sau biyu, sai a matsa maka a na uku ka karɓa kamar dole aka yi maka. Na ukun nake jira. Ƙafata har ta ɗaga. Ina jiran Yaya ta daka mini tsawa ta tura ni, in tafi ba tare da na ce da bakina ni ce ba. Amma matar nan mai takarda ba ta san ana yi sau uku ba, kuma ba ta da lokacinmu. Ta kama hannun Yaya, ta tambayi sunanta ta rubuta, ta ɗaura mata wani zare a wuyan hannu. Yaya tana waiwaye tana cewa, "Ke wai lafiyarki ƙalau?" aka tura su cikin mota aka rufe ƙofa. Na tsaya riƙe da jakata da ta Yaya.

Na bi su a taksi. A ƙofar asibitin akwai mai gadi a bayan gilashi. Na ce masa an kawo 'yar wasa yanzu, ni ce mahaifiyarta. A iya tunanina wannan ne karo na farko da na faɗi haka da ƙarfi a gaban wani, kuma ga wanda na faɗa wa. Ya duba na'urarsa ya ce, "Madam, an rubuta mahaifiyarta tana ciki." Na ce wannan gwaggonta ce. Ya ce mutum ɗaya aka yarda, kuma an riga an shigar da ɗaya. Nan fa na buɗe masa wuta. Na ce shi ya yi mini naƙudar? Na ce ya shiga ya dubi fuskarta ya fito ya dubi tawa. Na faɗi maganganu da Faransanci, da suka ƙare na koma Hausa. Bawan Allah ya bar ni na gama, sannan ya ce in matsa akwai mutane a bayana. Ba shi da laifi ko kaɗan, abin da na faɗa da bakina ne aka rubuta.

Na koma bencin tashar bas da ke kallon ƙofar na zauna. Aikina kula da tsofaffi ne a wani gida a Rillieux. Duk tsawon annobar nan, lokacin da aka hana 'ya'yansu shiga, ni ce mai riƙe musu hannu. Na shafa kan tsohuwar da ban haɗa komai da ita ba, na kira ta da sunanta har ta cika. Ga tawa a ciki, bango ɗaya tsakaninmu, ban san ko wuyanta ya karye ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ba irin wadda aka koya mini a gida ba. Na ja gyale na rufe fuska na yi kuka, mutane suna hawa bas suna sauka.

Wajen la'asar Yaya ta kira. Ta ce wuya lafiya lau, alhamdu lillahi, ƙashin kafaɗa ne ya karye, kai kuma ya bugu, za su riƙe ta zuwa gobe. Sannan ta sauke murya, abin da ban san ta iya ba.

"Ni kike wa kunya? Ni? Yarinya na kwance ba a san halin da take ciki ba? Ko a gida ai ba haka ake yi ba."

Na ce, "Yaya, ta tambaye ni?"

Ta ce, "Ba ta ce komai ba."

Bayan kwana biyu muka koma Lyon, hannunta rataye a wuya. Makonni ina yi mata wanka, ina sa mata riga, ina yi mata kitso. Duk abin da hannu ke iya yi na yi. Tana cewa na gode, tana cin abin da na dafa, ba ta canza mini fuska ba ko sau ɗaya. Da ta yi fushi ma da na samu inda zan kama. Wata rana ina tsefe mata kai, da yake ba ta kallona, na yi ƙarfin hali na ce, "Abin da ya faru a filin nan, kin san a wurinmu 'yar fari..."

Ta ce, "Na sani, Mama. Gwaggo ta yi mini bayani."

Na ce, "Likita ya ce ba lallai ki tuna ranar ba."

Ta ce, "Wasan ne ban tuna ba. Daga kan gadon na tuna."

Na ci gaba da tsifar. Na so in ce ta yafe mini, na so in kira sunanta. Sai na ce ta gyara zama tana karkata mini kai.

Da kaka ta yi, kafaɗar ta warke, likita ya ba ta izinin komawa wasa. Ranar wata Asabar da hantsi tana zaune a teburin kicin tana cike takardun kulob na sabuwar shekara, ni ina yanka albasa. Ta ce, "Mama, ba ni lambar Gwaggo, ta ɓace a wayata."

Na ce, "Gaishe ta za ki yi?"

Ta ce, "A'a. Nan wurin ne, wanda za a kira in wani abu ya same ni."

Na ajiye wuƙar. Na ce, "Gwaggonki tana Paris. Ki rubuta tawa mana."

Ta ɗago ta dube ni. Babu fushi a fuskarta, babu gori, tausayina ma take ji. Ta ce, "Bar shi, Mama. In abu ya faru a gaban jama'a suke kiran mutum. Ba na so in sa ki a wahala."

Na wanke hannu na ɗauko wayata na nemo lambar. Ina karantawa tana rubutawa. Ta ce ba ta ji biyun ƙarshe ba, na maimaita mata.