Dabo Mai Dashen Aguwa

A ƙauyenmu na gefen Minjibir, duk mai son kafa iyakar gona Dabo yake kira. Gajere ne, ga kunnuwa kamar faifai, ga rowar magana. Sana'arsa dashen aguwa, itacen nan mai farin ruwa kamar nono da ake shinge da shi. Da rani yake saro rassan, ya bar su a inuwa su sha iska, sannan ya caka su a busasshiyar ƙasa ba ɗigon ruwa, don ruwa ruɓar da su yake. Mukan tsokane shi cewa shi da aguwar uwarsu ɗaya, ba ci ba sha, kuma sun ƙi mutuwa. Shingensa bai taɓa faɗuwa ba, ko mai unguwa da shi yake kashe rigimar iyaka.

Sai fari ya zo shekara bayan shekara. Gero ya bushe a tsaye, rumbu ya koma ɗakin kaji, kajin ma aka cinye. Aguwa kaɗai ta yi shar, har da fure, don rashin kunya. Dabo ya fara yankar gonar gadonsa yana ba Alhaji Inuwa mai hatsi, ana auna masa dawa. Duk yankin da ya fita hannunsa, shi ake sawa ya dasa sabuwar iyakar.

Da aka zo kan yanki mafi kyau, wanda in ya tafi sai ɗan filin da ke bayan gidansu ya rage, matarsa Barira, da ta binne autarta Kulu a ranin nan, ta kawo dabara. Ta ce ya dasa rassan ɗanyu, ya jiƙa su su ruɓe. In damina ta dawo ba shinge, sai a yi ta gardama, ƙila a tsira da 'yan kunyoyi.

Dabo bai taɓa ha'inci ba, amma ya yi. Ruwan da Barira ke ɗaukowa daga rijiya mai nisa, rabi a randa, rabi a gindin aguwa. Suka wuni da ƙishi, ƙasa ta shanye, rassan nan duk suka kama.

"Malam, ko ɓarnar ma ba ka iya ba," in ji Barira. Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Da ruwa ya dawo, geron Alhaji ya fi mutum tsayi a gonar uban Dabo. Can Dabo yake zuwa ƙwadago da fartanyarsa. In an gama noma, Alhaji kan ce ya tsaya ya gyara shingen kafin ya tafi, sai ya tsaya ya gyara.