Akwatin Yaya Bello Ba Zai Bar Fadama Ba

Shekara biyar ke nan da muka rufe yayana Bello a Bodinga. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na so bana in tuna da shi cikin natsuwa, in ba ku labarin raharsa da son furarsa, amma ba a bar ni ba. Raina a ɓace yake, gara in faɗa tun daga farko.

Yaya Bello malamin kwamfuta ne a wata sakandare da ke Shagari. Ni ƙanwarsa ce, ina koyarwa a firamare. Mahaifinmu ya bar mana 'yar gona a fadamar Dandin Mahe, inda kowa ke noman albasa da rani. Can Yaya yake ƙarewa duk ranar da babu makaranta, da wayarsa mai tsagaggen gilashi, yana ɗaukar hoton ganyen albasa kamar wanda aka yi wa asiri.

Manhaja ya haɗa. Manomi zai haska kyamarar wayarsa a kan fangali, gonar ta fito a fuskar wayar, sai manhajar ta zana jan zobe a kan duk shukar da cuta ta fara kamawa, kamar a jikin ganyen aka zana shi. Sai a cire ta tun ba ta shafa wa sauran ba. Amma ƙananan wayoyinmu ba su iya wannan aikin da kansu. Zafi suke ɗauka, batir ya mutu. Don haka wayar kan tura hoton can wata ƙasa mai nisa, inda manyan kwamfutoci suke, su duba, su dawo da amsa.

A nan gizo yake saƙar. Manomin albasa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tun yana yaro ya saba bin fangali yana tafe yana kora ruwa, idonsa na gaba, ƙafarsa na tafiya. Haka suka riƙe wayar, suna tafe suna haskawa. Kafin amsa ta dawo daga uwa duniya, hannu ya riga ya wuce, sai jan zoben ya sauka a kan lafiyayyar shuka. Baba Sanda, maƙwabcinmu a gona, dattijo mai yarda da mutane, ya bi zoben nan ya tuge albasarsa mai kyau, ya bar mai cutar tana tsaye.

Ban manta zuwansa gidanmu ba, da dami a hannu. Ya zube shi gaban Yaya ya ce, “Malam Bello, wagga waya taka makauniya ta. Duba abin da munka yi ma kanmu.”

Gari ya ɗauka. Har a tasha ana yi wa Yaya ba'a. Wasu suka ce laifin manoma ne, a koya masu tsayawa cak kamar masu ɗaukar hoton katin zaɓe. Yaya ya ƙi. Ya ce mutumin da ya gaji tafiyarsa daga kakanni ba shi zai sauya don na'ura ba, na'urar ce za ta matso. Ya haɗa wata 'yar kwamfuta a cikin akwatin ƙarfe, ya kafa mata rumfa a gonarmu, ya ɗora faifan sola a kai. Wayoyin manoma suka koma tura hoto ga akwatin da ke nan kusa da su, amsa ta dawo kafin ƙiftawar ido. Zobe ya zauna inda ya dace, ko mutum na tafe. Zuwa da kai ya fi saƙo, in ji shi. Baba Sanda ne ya fara dawowa ya sake gwadawa, abin da har yau nake ganin girmansa a kai.

Rani biyu kawai Yaya ya ga akwatin na aiki. Zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Tun daga nan wani tsohon ɗalibinsa da ke gyaran waya a Bodinga yake leƙa akwatin, ni kuma mabuɗin rumfar yana hannuna.

To, ga abin da ya tayar mini da hankali. Watan jiya wasu ma'aikatan wani shiri suka zo daga birni da sabuwar manhaja, wadda ita ma can nesa take tura hoto. Suka tara shugabannin ƙungiyar manoma a bakin titi, inda sabis yake cike, suka haska albasar da aka shuka a tukunya suka zo da ita a mota, zobe ya fito tsaf. Suka ce zamani ya wuce akwati, irin wannan na'ura da ake kafawa kusa da mutane sai manyan birane, ƙauye ba ya buƙatarta. Shugabannin kuwa suka amince a cire shi, a mayar da solar wurin cajin waya.

Na ce mu sauka fadama a gwada, tafiya ce ba mai nisa ba. Babbansu ya dubi takalminsa, ya dubi laka, ya ce, “Hajiya, lokaci ya ƙure.” Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk wanda ya taɓa neman kiran gida daga cikin fadamar nan ya san sai ya hau tudu. Idan aka cire akwatin, bana ma wani zai tuge albasarsa da hannunsa, kuma wannan karon ba shi da wanda zai kai wa dami ƙofar gida.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da yana raye. Na san zai yi murna da sabuwar manhajar, don shi ba mai hassada ba ne. Ƙila ma ya kwana yana tona cikinta. Amma zai tambaye su inda suka tsaya lokacin da suka gwada. Shi bai taɓa yarda cewa abu mai kyau sai ya tsaya a birni, mu a aiko mana da saura ba.

Ba na yaudarar kaina. Akwatin ya tsufa, fankarsa tana kuka, wata rana zai mutu kamar yadda mai shi ya mutu. Abin da Yaya ya bari ba ƙarfe ba ne. Ya bar manoma da suka san ba su ne masu laifi ba idan na'ura ta yi jinkiri, kuma ya bar ƙanwa mai taurin kai.

An ce ranar Laraba za su zo da amalanke su kwashe. Rumfar a gonar ubanmu take. Zan riga su isa, in shimfiɗa tabarmata a ƙofa. Baba Sanda ya aiko cewa shi ma zai zo da tasa. Duk mai son akwatin, sai ya tako lakar nan ya same mu.