Rumman ɗin Bagadamashe da Dodon Koɗinsa

Da sunan Allah nake farawa. Ya ku masu karanta wannan rubutu, abin da zan gaya muku ni ya faru gare ni, ba a bakin wani na ji ba, Allah kuwa shi ne shaidata. A Matamaye ne, tun Nasara ba su shigo Damagaram ba, ina da garka a fadama, gadon mahaifina. Da sassafe in ja jigo in ba albasa da taba ruwa, da hantsi in koma zaure wajen karatu.

Wata shekara da kaka ayarin Larabawan Gadamas ya sauka garinmu kan hanyarsa ta zuwa Kano, aka ba ni baƙo ɗaya, wani dogon dattijo mai yawan tari, ana ce masa Alhaji Bashir. Cikin kayansa akwai tsohuwar salka da aka yanke wa baki aka cika da ƙasa, da wani ɗan itace a ciki wanda bai wuce kamu ɗaya ba. Ya ce rumman ne, daga gidan mahaifiyarsa ya ciro shi, kuma duk tsawon hamada ruwan shansa yake raba musu su biyu.

"Malam, wannan ba zai kai Kano ba," in ji shi, da karyayyiyar Hausarsa. "Ka dasa mini shi a garkarka, amana, sai na dawo."

Na karɓa, na dasa shi kusa da rijiya da ƙasarsa duka, don mu masu garka ba mu raba dashe da ƙasar da ya taso a ciki. A cikin ƙasar na ga wasu 'yan ƙwarya-ƙwarya masu zane ja-ja, bakinsu a liƙe da wani farin abu, na ɗauka matattu ne, ban kula ba. Ayari ya wuce.

Ashe barci suke yi. Da suka ji ruwa sai suka buɗe, suka fito da ƙahonninsu. Dodon koɗi mun san shi, na tabki, wanda ba ya barin ruwa. Wannan kuwa na tudu ne, yana hawa kara, yana hawa danga, kuma ba abin da ya fi so kamar ganye ɗanye. Ƙwansa farare ne ƙanana kamar ƙwayar gero, a cikin ƙasa yake binne su, ba mai gani.

To, al'adar fadama ita ce, in maƙwabci ya roƙe ka dashe ba ka hana shi, kuma da ƙasarsa za ka yanko masa. Ni kuwa albasata ta yi suna. Na ba na kusa, na kusa suka ba surukansu na Kance, wani ya kai garin Tsauni a bayan jaki, kowa ya tafi da ƙwai cikin ƙasar bai sani ba. Kafin shekaru kaɗan ba garkar da babu su. Ka shuka iri yau, ya tsiro, ka zo da safe ka tarar da ƙasa fayau sai yauƙi yana ƙyalli. Aka zuba toka, aka zuba kanwa, aka saki kaji har suka ƙoshi suka daina ci. Da bazara su liƙe bakinsu su manne a jikin kara, ka ce sun ƙare, ruwa na sauka su dawo fiye da da.

Garkar da ke jikin tawa ta taubashina ce, Tanko, mutum ne mai baki. Kullum sai ya leƙo ta kan danga.

"Malam sarkin kiwo, ya garken naka? Kowa na kiwon awaki, kai ka ɗauko mai tafiya da ɗakinsa a baya. Ka ce musu tabata ba sadaka ba ce."

Ina dariya, amma na san wasan nan ya kusa ƙarewa. Haka kuwa aka yi. Sarkin Noma ya tara masu garka a ƙofar gidansa, aka ce tunda daga wajena abin ya fito, kuma nan ne suka fi yawa, sai a tara kara a ƙone garkata ƙurmus, har itacen Balaraben, a toya ƙasar. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, albasa da taba nawa ne, a ƙone. Itacen nan amana ne, mai shi bai dawo ba." Ya ce, "Malam, abincin mutane ma amana ne. Gobe da hantsi muna zuwa." Ban ga laifinsa ba, wallahi, ko ni ne abin da zan yanke ke nan. Amma garkar nan ita ce cin gidana, ba ni da wata.

Da gari ya waye, bayan na yi sallah, na tafi in ba itacen ruwa na ƙarshe. Rana ta riga ta fito, komai a fili. Ina ture ƙyauren danga sai na ga mutum zaune a gindin rumman, da farar riga, ya miƙe ƙafafu. Alhaji Bashir ne. Na yi murna ƙwarai, na durƙusa muka gaisa, na tambaye shi Kano, ya ce lafiya lau. Abin da na lura da shi kawai, ba ya tari, kuma daga ƙafarsa har gwiwa rigar ta rufe da dodon koɗi, suna hawa a hankali, bai kaɗe ko ɗaya ba.

"Sun yi maka ɓarna, Malam," in ji shi. "Ka yafe musu. Baƙi ne, ba su san na wani ba. Zan tafi da su."

Na ce, "Itacen fa, Alhaji? Yau za a ƙone shi."

"Ba za a ƙone ba. Ka ci gaba da ba shi ruwa. Ran da ya yi 'ya'ya suka nuna zan zo mu ci tare."

Na tashi in ɗebo masa ruwa a rijiya, taku kaɗan ne. Na juyo da ƙwarya a hannu, ba kowa. Tanko ne kaɗai a kan danga yana kallona, yau babu dariya a fuskarsa.

"Kai da wa kake gaisawa tun ɗazu?"

Na ce da baƙona. Ya ce shi dai ni ya gani durƙushe gaban itace ina ta amsa lafiya lau.

Da Sarkin Noma ya iso da mutane da dammunan kara, aka duba garkar kunya kunya, ƙarƙashin ganye, jikin danga, bakin rijiya, ba a sami dodon koɗi ba. Sai sawun yauƙinsu kawai, daga kowace kusurwa ya miƙe zuwa gindin rumman, nan ya tsaya. Aka leƙa garkar Tanko, haka. Aka bi fadama har ƙarshenta, haka. Sarkin Noma ya ce a mayar da karan gida. Na Kance da Tsauni kuwa, an ce mini bazarar shekarar suka liƙe bakinsu ba su sake buɗewa ba.

Daga baya wasu fatake da suka san ayarin suka gaya mini Alhaji Bashir bai ga damina ta farko a Kano ba, tarin nan ne ya tafi da shi, har ɗayansu ya ce da shi aka yi masa sallah. Ban yi musu gardama ba, ban kuma gaya musu abin da na gani ba.

Ashe wasu 'yan kaɗan sun rage a gindin itacen, ba su fi cikin tafin hannu ba. Ba sa ƙaruwa, ba sa raguwa, ba su taɓa cin ganyen kowa ba. Sarkin Noma ya hana a taɓa su, wanda ya gaje shi ma ya bar hanin yadda yake, yau duk ƙasar nan nan kaɗai ake ganinsu. Itacen ya girma ya wuce danga, kowace shekara ya yi fure ja ya zubar, ko ɗa ɗaya bai taɓa riƙewa ba, har na tsufa, jigo ya gagare ni sai guga.

Shawarata gare ku, in aka ba ku dashe daga wata ƙasa ku wanke saiwarsa tukuna, in kuma aka ba ku amana ku tambayi ranar ƙarewarta tun mai ita yana gabanku. Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan yanzu kuwa, bana rumman ɗin ya riƙe 'ya'ya biyu. Jiya na duba, ɗayan ya fara ja.