Ƙafar Isyaku Mai Amalanke

An haifi Isyaku Sabo a wata unguwar manoma kusa da Gozaki, kuma a nan ya rayu har ya rasu. Yana cikin mutanen farko a yankin da suka mallaki shanun huɗa da amalanke. Da damina yana bin garma a gandun gidansu, da kaka yana jigilar masara da auduga zuwa Malumfashi. Mafi yawan abin da ke tafe daga bakin matarsa Lauratu aka same shi.

A kakar 1978, lokacin yankin yana cikin Jihar Kaduna, aka fara gyaran hanyar da ke fitar da amfanin gonar unguwarsu zuwa babban titi. Wani ɗan kwangila daga Funtuwa, Alhaji Sada, shi ya samu aikin kwalbatoci. Leburorinsa suka haƙa rami ya gitta hanya. Da siminti ya yanke musu, sai suka shimfiɗa katakai a kan ramin, suka rufe da jar ƙasa, suka tafi. Babu shinge, babu ko ganyen da akan jefa a hanya don gargaɗi. Masu keke da masu jaki suka yi ta wucewa lafiya. Wata safiya Isyaku ya iso da lodin masara, katakan suka karye, amalanken ya kife a ramin, ya danne masa ƙwauri.

Babu wanda ya yi zancen asibiti. Karaya a wannan ƙasa aikin Baba Maiwada ce, wani tsohon Bamaguje da ya gaji ɗori daga kakanninsa. Musulmi da Kirista duk wurinsa suke zuwa, kuma ba ya karɓar komai sai kaza.

"Ɗan Sabo," in ji tsohon yana jera karare a ƙafar, "ga shanunka can suna cin ciyawa. Ashe sun fi ubangidansu wayo."

"Baba, ɗaure dai," in ji Isyaku yana cije leɓe. "Ka bar tsiyar sai na tashi."

A cikin makon Alhaji Sada ya zo dubiya, da goro da sabulu, tare da liman da mai unguwa.

"Sannu, Malam Isyaku. Sakacin yarana ne. Don Allah ka yafe mana."

"Haba Alhaji, babu komai. Ƙaddara ce. Na yafe."

Da wuya a samu mutumin wannan ƙasa da zai ba baƙon da ya tako zuwa dubiyarsa wata amsa dabam. Ban da haka, Isyaku yana sa ran miƙewa kafin ruwan shuka.

Amma ƙashin ya riga ya huda fata, kuma ciwon ya ruɓe a ƙarƙashin ɗorin. Da ƙafar ta yi baƙi aka kai shi asibiti, aka yanke ta ƙasa da gwiwa. A can wani malamin jinya mai suna Enoch ya gaya masa cewa a Kano ana yin ƙafar roba, kuma ya san wanda ya koma gona da ita. Daga ranar Isyaku ba shi da buri sai wannan ƙafa. Ta fi ƙarfinsa, don haka ya aika wa Alhaji Sada. Amsar da ta dawo ita ce ai an riga an rufe wannan magana a gaban liman.

A 1980 Isyaku ya kai ƙara kotun yanki. Liman da mai unguwa suka shaida abin da suka ji, ba tare da sun dubi inda yake zaune ba.

"Malam Isyaku, ka yafe ko ba ka yafe ba?" in ji alƙali.

"Allah gafarta Malam, karaya na yafe. A ranar ina da ƙafata biyu."

Alƙali ya karɓi wannan hujja. Sai wakilin Alhaji Sada ya ce ramin karya ƙafar ya yi, amma ɗorin ne ya kashe ta. Alƙali ya ce dole a kawo Baba Maiwada a bincike shi. In ɗorin ba shi da laifi, nauyin ƙafar yana wuyan ɗan kwangila. In kuwa shi ne sanadi, yana wuyan tsohon. Sammaci kuma sai mai ƙara ya nema.

Labarin ya riga shi isa gida. Dattawan unguwa suka yi ta zuwa zaurensa ɗaya bayan ɗaya. Ba a taɓa kai maɗori gaban alƙali ba, suka ce, kuma in aka fara, wa zai sake taɓa karayar ɗan wani?

Lauratu ba ta tare da su. "Malam, kunya ba ta bin garma," ta ce masa. "Ai tambayarsa kawai za a yi."

"In kuma aka ce shi ne fa? Kaza ɗaya ya ci, Lauratu. In karɓi ƙafa daga hannun tsohon da ba ya iya tashi sai an kama shi?"

"To mu wa zai kama mu?"

Da ranar zama ta zo, Isyaku ya gaya wa alƙali ba ya neman sammacin kowa, aka kori ƙarar.

Ko da Baba Maiwada ya bayyana, babu mai iya cewa ga yadda hukuncin zai kasance. Isyaku dai bai je Kano ba. Shanun suka koma hannun ƙanensa, gandun ya rabu bayan damina biyu, shi kuma ya zauna a zaure yana tufkar igiyar rama har rasuwarsa a 1987. Lauratu ta ce bai taɓa cewa ya yi nadama ba, sai dai in aka yi ruwan farko yakan yini bai yi wa kowa magana ba.