Yadda Sunan Uwar Alhaji Ya Shiga Mashaya

Djibrilla maƙwabcina ne a unguwar Glenwood, nan Amurka. Bango ɗaya ya raba mu, bangon kuwa irin na gidajen nan ne, katako da kwali: in ya yi atishawa a ɗakinsa, ni nake yi masa addu'a daga nawa. Shi Bazabarme ne daga Dosso, ni Bagobiri, saboda haka tun ran da muka haɗu na sami lasisin tsokanarsa har kabari. Ina kiransa bawana, shi kuma yana ce mini mai zanen kaza a fuska.

Dogo ne siriri, kamar an manta ba a gama cika shi ba. Aikinsa lodin kujeru da gadaje a kamiyo, babbar motar kaya, a kai gidajen masu hali a Irving Park, inda kare ma yake da nasa gadon. Ba ya yawan magana. Yatsunsa ne dai ba sa zama wuri ɗaya, ko tuwo yake jira suna taɓa bakin kwano.

Ubansa makaɗin molo ne, kakansa ma haka, kuma tun kaka da kakanni gidansu ne ke yi wa gidan su Alhaji Moctar kiɗa. Alhaji Moctar shi ne babbanmu a garin nan. Yana da butik na nama da kayan miya, shi ke zama sahun gaba a masallaci, shi ya kawo Djibrilla Amurka, ya ba shi ɗaki, ya sa Kaltouma, matar Djibrilla, a shagon kitson uwargidansa Hajiya. Ranar da Djibrilla ya sauka da molo a naɗe cikin zane, Alhaji ya dubi ƙunshin ya ce, "Nan ba Dosso ba ne. Mun bar waɗannan abubuwa. A ajiye." Aka ajiye a ƙarƙashin gado. Amma ni da nake bayan kwali na san ajiyar ba ta cika ba. Duk ran Lahadi da hantsi sai in ji shi a hankali, kamar sauro mai ladabi.

A wurin aikinsu akwai wani Bature, Malachy, ƙato mai gemu kamar na limamin da aka tsige. Wata rana lokacin birek, ana hutun cin abinci, ya fito da wata garayar Turawa, banjo, daga bayan motarsa. Djibrilla ya karɓa, ya jujjuya, ya ga fata an ɗaure kamar a kan ƙwarya, ya ga gajeriyar tsirkiyar nan ta sama da ake taɓawa da babban yatsa. Ya ce mini daga baya, "Wallahi molo ne, ya zo Amurka ya ci ya ƙoshi." Ya ɗan taɓa. Malachy ya bar burodinsa a baki bai tauna ba. Daga nan ya ce lalle Djibrilla ya zo da molonsa inda suke kiɗa shi da abokansa.

Ran Asabar ni na kai shi McLeansville, don bawana ba shi da mota, kuma ina so in ga inda za a yanka shi. Wata rumfar ajiye tarakta ce a bayan gona. Su huɗu ne, kiɗansu kuma bluegrass suke ce masa. Ni dai ban yi lakkol mai nisa ba, amma kunne ba ya buƙatar takarda. Babu ganga ko ɗaya, duk da haka ƙafarka ba ta zama. Mai ƙaramar garayar da suke kira mandolin shi ke sarar kiɗan, kaf, kaf, kamar mai faskare. Wata mata, Celina, tana rungume da wani goge da ya fi ta tsawo, tana jan tsirkiyarsa da yatsa, kana jin sa a ciki kamar an buga turmi. Mai ƙaramin goge yana kuka a sama. Malachy kuwa ya sa ƙarafa a yatsu uku, sauti yana zubowa kamar an ɓare buhun gero a kan kwano. Makirufo ɗaya gare su, kowa ya matso ya yi nasa ya ja baya, ba mai taka wani. In suka haɗa murya, siririya can sama, sai ka rantse makiyaya ne ke kiran shanu daga tsallaken gulbi.

Djibrilla ya zauna a kan tayar tarakta ya kwance zanensa. Da ya shiga, sai duk suka rage gudu ba tare da wani ya ce a rage ba. Molon yana tafiya ƙasa-ƙasa, banjo yana zagaya shi kamar ɗan akuya da uwarsa. Na shekara ina zagin mutumin nan, ran nan bakina ya mutu.

A 2006 suka yi faifai. Suka ce lalle sai ya yi waƙa ɗaya da bakinsa. To a nan aka yi ta. Makaɗin gado ba ya yi wa iska waƙa, sai da mutum. Wa yake da shi in ba Alhaji ba? Ya buɗe baki ya jero shi tun daga kakanni, da Zabarmanci da Hausa, yadda ubansa yake yi wa uban Alhaji. Amshin kuwa, kamar yadda aka saba, da sunan mahaifiya aka ɗaure shi: Moctar ɗan Mintou. Celina da sauran suka ɗauki "Mintou, Mintou" da muryoyin nan nasu.

A mota na ce, "Kai bawana, ka tambaye shi kuwa?"

"Ana neman izinin mutum kafin a yabe shi? Ku Gobirawa ba ku san girma ba."

"Mu dai mun san Alhaji."

"Ka bari ya ji. Hawaye zai yi. Rabon da a kira sunan tsohuwar nan da molo tun tana da rai."

Faifan ya yi kyau, wannan ba ƙarya. Gidan rediyon ɗalibai ya riƙa sa shi, ana sayar da shi a wuraren wasa, kuma duk cikinsa ba wadda mutane suka kama kamar ta Mintou, don amshinta ko jariri zai iya. Sai dai Djibrilla bai taɓa tambaya a ina ake irin wannan kiɗa ba. Shi rumfar tarakta ya sani. Tahirou mai taksi ne ya fara kawo labari: ya ɗauko wasu samari daga mashaya, suna layi, suna rera sunan uwar Alhaji a kujerar baya, ɗaya har ya yi amai a tsakiyar amshi.

Labarin bai kai ga Alhaji ba sai wata Juma'a bayan an sauko. Dattawa suna zaune a butik ana shan shayi, ina gefe ina jiran a yanka mini rabin kaza. Sai ga wasu 'yan mata biyu da gajeren wando, faifai a hannu. Sun bi sunan har suka gano shagon. Cikin fara'a suka ce Alhaji ya sa musu hannu a kai, ɗaya ta rera amshin tana kaɗa kafaɗa, ta ce duk daren Asabar sai an yi shi a mashayarsu, kowa ya ɗaga kofi. Ba wanda ya kurɓi shayi. Alhaji ya ce a raka su waje, a kira masa Djibrilla.

Ya zo da kayan aiki a jikinsa, yana murmushi, wai shi ga mai jiran tukuici. Ya durƙusa.

"Patron, ashe ka ji."

"Na ji. Uwata ta yi Makka, ta mutu da carbi a hannu. Kai ka ɗauke ta ka kai wa 'yan giya suna wanke baki da ita."

"Alhaji, yadda Baba yake yi ne, ban ƙara ko..."

"Ubanka a ƙofar gidanmu yake yi, mu ba shi, ya tafi. Ya san inda yake tsayawa. Tashi ka ba ni wuri."

Ran Litinin Hajiya ta ce wa Kaltouma kujerun shago sun yi kaɗan. Aka yi suna a gidan Alhaji, ba a gaya musu ba. A masallaci in Djibrilla ya miƙa hannu, sai mutum ya tuna takalminsa yake nema. Waɗanda motocinsu ke cike da kasakasan makaɗan gida su ne suka fi kowa tsuke fuska. Ta bango nake jin Kaltouma: "Kiɗa zai yi mana suna in na haihu? Turawan ne za su wanke ka in ka mutu?"

Ya je ya roƙi Malachy a cire waƙar. Ƙaton nan har da hawaye, ya ce abin da aka sayar ya tafi, amma ba za su ƙara rera ta ba. Suka cika alkawari, suka koma kaɗa ta ba murya. Jama'a suka riƙa rera amshin da kansu, har ya fi na da ƙarfi. Djibrilla ya daina zuwa McLeansville. Celina ta yi ta kiran waya, bai ɗauka ba. Na ce masa, "Bawana, tunda waɗannan sun ƙi ka, ka riƙe masu son ka mana." Ya ce, "Su kiɗana suke so. Ba su san kakana ba."

Bayan azumi ya ce in raka shi butik. Ya ɗauko molon ba zane, a fili, muka bi titi ɗalibai suna kallo. Alhaji yana bayan kanta yana auna wa wata mata naman rago. Djibrilla ya gaishe shi, bai amsa ba. Ya ɗauki wuƙar da ke kan katakon yanka, ya ɗora molon a gwiwa, ya tsinke tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta yi ɗan ƙara kafin ta saki. Ya ajiye wuƙar, ya tsaya hannu biyu a baya, yana jira.

Alhaji ya gama awo, ya ƙulle ledar, ya miƙa wa matar. Sannan ya leƙo ta saman kanta, ya dubi ƙasa.

"Ka kwashe igiyoyin nan kafin ka fita," ya ce, "kada su harɗe ƙafar kwastoma."

Djibrilla ya sunkuya ya tsince su.